Kwanon Larai Ya Dawo Wayam

Larai na cikin tuƙa tuwo mijinta Ɗanasabe ya faɗo gida, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Larai! Likita ya duba kakina, ya ce fes! Tarin fuka ya tafi, an sallame ni!"

Ta saki muciya ta rangaɗa guɗa har kajinta suka watse. Wata da watanni ke nan bawan Allah ya jingine bas ɗinsa a tashar Kawo, yana sammakon zuwa allura, yana haɗiyar ƙwayoyin da suka mai da fitsarinsa ja. Da ya ɗan murmure ya fara cika baki wai ya warke, ita ce ta tsaya masa a kai da kofin ruwa, ta ce ko ya shanye maganin har ƙarshe ko ta kai ƙararsa wurin nas.

Sai dai akwai abin da ke cin ranta. A layinsu magidanta na ciyayya bayan Magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a tabarmar dattijon layin, Malam Yusha'u. Tun da tarin ya bayyana, kwanon Larai yadda ya fita haka yake dawowa, ko gefen malmala ba a gutsura ba. Larai fa, wadda ake santin miyarta har bayan layi! Nas ta ce ta iskar tari ake ɗaukar cutar, ba ta tuwo ba, amma wa zai gaya wa dattawa? Ƙarshe ta daina fitarwa, Ɗanasabe ya koma ci shi kaɗai a wani kwano da ta ɗiga wa jan fenti.

"Yau da kwano zan fita," in ji shi.

"In ya dawo a cike fa, Maigida?"

"Ke dai zuba."

Ta zuba, ta kwarara man shanu ba tsimi. Yana fita ta laɓe a bayan ƙyauren zaure. Ta ji ya yi sallama, ta ji ya ba su labari. 

Can Malam Yusha'u ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi. To, buɗe mu gani mana, ko kallo ka kawo mana?"

Murfi ya yi ƙara. Jim kaɗan ta ji Rabe tela yana cewa, "Haba Malam, ka bar mana gefe!" Garin sauri yaji ya sarƙe shi, ya dinga tari ba ƙaƙƙautawa.

"Rabe," in ji Ɗanasabe, "in tarin nan ya kwana biyu, ni zan kai ka asibiti. Na san hanya, har bencin da ya fi daɗin zama."

Dariya ta ɓarke. Larai ta toshe baki ta koma ciki da gudu, daɗi kamar ya kashe ta.

Da Ɗanasabe ya shigo ya miƙa mata kwano wayam, an suɗe shi har yana ƙyalli.

"Malam ya ce a gaya miki gishiri ya yi kaɗan."

"Kaɗan? Shi ya sa ya kusa cinye kwanon?" Tana dariya tana share hawaye da gefen zane. "Ka ce masa gobe zan ƙara."

Sannan ta ɗauko kwanon nan mai jan fenti, ta cika shi da ruwa, ta ajiye wa kaji.