Gurun da ke Ƙugun Ghali

Nu'uman yana riƙe da buta zai yi alwalar azahar, Basiru tela ya turo ƙofa ba sallama.

"Likita, zo. Ghali ya cika."

Nu'uman ba likita ba ne. Magani yake sayarwa a wani kanti a unguwar Manfuha, a nan ƙasar Larabawa, sunan ya bi shi. Ya ajiye butar, ya bi Basiru zuwa ɗakin da ke kallon nasa, wanda shekara uku suna maƙwabtaka bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Ghali, direban tankar ruwa, yana kwance rigingine. Kwana huɗu ke nan zazzaɓi ya kayar da shi, ya ƙi asibiti. Nu'uman ya taɓa wuyansa, ya shafe masa idanu. Sai da ya ɗago kai sannan ya ga ɗakin: katifu biyu a haɗe, zanin gado ɗaya ya rufe su. Ya tuna habaicin da Harouna mai gadi yake yi a gindin bene, wai akwai ƙartin da ba sa kewar mata a ƙasar nan.

"An kira motar asibiti?"

"Harouna ya kira, ya ji ihuna. Ya ce askarawa ma, 'yan sandan garin nan, suna tafe."

Basiru ya ɗage rigar mamacin. A ƙugunsa akwai guru na jar fata, gumi ya mayar da shi baƙi, an jera masa ƙwayar wuri bakwai.

"Wannan ne ya hana shi zuwa asibiti. Bamaguje ne, Likita. Sunan Ghali a fasfo kawai yake. Kakarsa 'yar bori ce, ita ta ɗaura masa ranar da zai baro gida. Wallahi bai taɓa cutar da kowa da shi ba."

Nu'uman ya san sunan da za a kira abin da shi a nan: sihiri. Ya san kuma ba mamaci za a titsiye ba. Wanda ya yi shekara tara ɗaki ɗaya da shi za a tafi da shi, a buɗe wayarsa, a tambaye shi batun shimfiɗa.

"To cire shi mana!"

"Ya rantsar da ni, ya ce da shi za a binne shi. Hannuna ba zai iya ba."

Nu'uman ya san abin da aka karantar da shi game da masu irin wannan guru, da masu irin wannan shimfiɗa. Ba wanda ya karantar da shi yadda zai yi da babban mutum yana ɓari a gabansa kamar mazari. Daga can titi jiniya ta taso. Ya ɗauki almakashi a kan keken ɗinki, ya datse gurun, ya cusa shi cikin aljihun wandonsa. Suka ja katifar Basiru zuwa ɗaya bangon. Inda ta tashi, kafet ɗin ya fito sabo fil, yana tona asiri. Nu'uman ya shimfiɗa darduma a kai.

Askarawa biyu suka shigo, Harouna yana biye. Babbansu ya karɓi iƙamar kowa, wato katin izinin zama a ƙasar, ya nuna Basiru, ya yi tambaya da Larabci.

"Abokin hayarsa ne," in ji Nu'uman.

Harouna ya yi gyaran murya, ya ce da gurɓataccen Larabcinsa, "Ni dai, tsakani da Allah, ban taɓa ganin marigayi a masallaci ba."

Askar ya juyo da kallonsa ga Nu'uman.

"Direba ne, a hanya salla take riskarsa," Nu'uman ya ce. "Na sha bin sa jam'i a ɗakin nan."

Askar ya durƙusa, ya ɗage rigar. Wani zobe na fata mai haske ya zagaye ƙugun. Ya daɗe yana kallonsa. Nu'uman ya ji kamar wurin nan bakwai suna motsi a cinyarsa, kowa yana ji.

"Wannan fa?"

"Ɗamarar ciwon baya ce. A kantinmu ya saya."

Askar ya sauke rigar, ya yi rubutu, ya miƙa wa Basiru iƙamarsa. Ma'aikatan motar asibiti suka naɗe Ghali, suka sauka da shi. Basiru yana tsaye hannu a baya, ido a bushe, kamar yadda abokin haya zai tsaya.

Da Nu'uman ya mayar da ƙofa, Basiru ya sulale ƙasa, bakinsa a buɗe, kukan yana tasowa. Ta ƙarƙashin ƙofar ana ganin inuwar ƙafafun Harouna, ba su gusa ba. Nu'uman ya miƙa hannu ya murɗa na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshe, ta ɗauki rurin da zai danne kukan. Sannan ya zauna a ƙasa, kusa da shi.