Sunan da Datti Ya Ba da Aro

Duk wanda ya taɓa sayen gado ko kujerar katako a Kawo a wancan zamani ya san Datti. Rumfarsa tana bayan tashar mota, kuma direbobin Zariya ba sa buƙatar wani kwatance. Da an ce kayan Datti Kawo ne, sun san inda za su tsaya su yi lodi. Mutum ne mai sanyin magana, hannunsa kuwa ba ya zama. Ko gaisawa ake yi da shi, yana shafa katako.

Maraya ne ya taso a wani ƙauye kusa da Soba. Alhaji Sanda, ɗan garinsu kuma babban ma'aikacin gwamnati a Kaduna, shi ya ɗauko shi, ya sa shi koyon kafinta. Da ya isa aure ya haɗa shi da Turai, 'yar ƙanwarsa, ya ba su ɗakuna biyu a wani gidansa da ke Unguwar Dosa. Datti yana kiransa Baba, kuma bai taɓa zama a kujera a gabansa ba.

Wata rana, tun Datti yana ango, Alhaji ya kira shi ya ce doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe kasuwanci ba, saboda haka yana so ya buɗe kamfanin siminti da kwanon rufi da sunansa. Datti har daɗi ya ji, ganin an ɗauke shi ɗa. Ya sa hannu inda aka nuna masa. Daga nan sai lokaci-lokaci direban Alhaji ya kawo takardu rumfa, Datti ya goge hannu a jikin riga ya sa hannu, ya koma kan zartonsa. Da sallah a kawo masa shadda da rago. Bai taɓa ganin ofishin kamfanin ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Shekarar da aka fara maganar za a buɗe makarantun firamare kyauta ga kowane yaro, wani abokinsa Sulaiman, wanda ya yi aikin akawu a kanti ya bari, ya zo masa da shawara. Ya ce za a nemi bencina da tebura fiye da yadda kafintocin Kaduna za su iya yi, amma ba za a ba kowa kwangila ba sai mai kamfani da rajista. Shi zai riƙe takardu, Datti ya riƙe aiki. Datti ya kwana biyu yana juya zancen, ya ga karon farko ke nan da zai yi wani abu da ba a miƙo masa ba. Ya amince.

Suka je wurin wani lauya a cikin gari. Lauyan ya bayyana musu cewa kafin komai sai an aika Legas a duba ko sunan da suke so ba shi da mai shi, domin ba a yarda kamfani biyu su yi suna ɗaya ko mai kama da juna ba. Datti ya ce a rubuta Datti Kawo Kafintoci. Lauyan ya nemi suna na biyu ko da na farkon zai ƙi. Datti ya ce shi dai ba shi da wani. Da wannan aka san aikinsa. Maganar kamfanin Alhaji ko kaɗan ba ta faɗo masa a rai ba, don a wurinsa wancan na Alhaji ne, siminti ne, me ya haɗa shi da benci?

Yana jiran amsa ya sayi katako ya tara, ya nemi filin haya a Rafin Guza inda za su baje aiki. Turai ta ce ba ta taɓa jin yana waƙa a banɗaki ba sai a makonnin nan.

Da amsa ta zo, lauyan ya kira su. Ya ce sunan ya ƙi, domin akwai wani kamfani mai suna Datti Kawo da 'Yan'uwansa. Ko su sake suna, ko mai wancan kamfanin ya rubuta cewa ya yarda. Sai ya ɗago ya dubi Datti ta saman tabarau.

"Mai shi kuwa, a takarda, kai ne."

Sulaiman ya tuntsire da dariya, ya ce ai magana ta ƙare, Datti ya ba Datti izini su tashi. Lauyan ya ce lallai doka ba ta hana ba, ya turo masa biro. Datti ya ɗauka, ya juya shi a hannu, ya ajiye. Ya ce sai ya ga Baba. A hanyar komawa Sulaiman ya yi ta faɗa, ya ce sunan mutum fa ba riga ba ce da za a ara a hana shi sawa.

Turai ta saurare shi tana tankaɗe. Ta ce ta san Kawu, ba zai hana ba, amma a je masa da ladabi, kuma kada a nuna an riga an je wurin lauya. Ta ƙara da cewa ya tuna gidan wa suke ciki. Ba da gori ta faɗa ba, shi ma ya sani. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji.

Lokacin kuwa ana tsakiyar korar ma'aikata. Kullum rediyo yana karanto sunayen waɗanda aka sallama, ana kafa kwamitoci suna bin dukiyar manya. Datti ya tarar da Alhaji a baranda bayan la'asar, ya rame, rediyo a gefensa. Ya zauna a ƙasa ya gaishe shi, ya kewaya ya kewaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhaji ya ce Allah ne ya kawo shi, don dama yana shirin aika masa. Ya ce kwamiti ya fara tambayar kamfanin. Idan suka zo suka tarar mai kamfanin siminti yana bayan tasha yana buga ƙusa, shi Alhaji an gama da shi.

"Daga Litinin za ka zauna a ofis, Datti. Na ɗan lokaci ne. Maganar bencinka kuma a ajiye ta, kada wata sabuwar takarda ta fita da hannunka a kai yanzu."

Datti ya shirya maganganu da yawa tun daga gida. Ya dubi ƙafafun mutumin da ya biya masa sadaki, ya ga sun kumbura a cikin silifa.

"To, Baba."

Ofishin ɗaki ne a saman wani kanti, da fanka da tebur mai gilashi. Aka ɗinka masa manyan riguna. Akawun kamfanin, wanda ya san komai kuma bai taɓa nuna ya sani ba, yana kiransa Darakta, yana biya masa farashin siminti da sunayen masu kawo kaya kamar karatun allo. Sauran yinin Datti yana zaune. Ta taga yana ganin motocin Kawo suna wucewa. Ya lura ƙafar teburin guda tana girgiɗi, ya zo da guduma washegari, akawu ya roƙe shi ya mayar da ita, kada wani ya shigo ya gani.

Ranar da aka kira Datti gaban kwamiti, mutum uku ne a zaune, ɗaya soja. Suka yi masa tambayoyi ya amsa yadda aka koya masa. Daga ƙarshe sojan ya tambaye shi kai tsaye ko kamfanin nasa ne. Datti ya ce sunansa ne a kai. Suka rubuta, suka sallame shi. Ya fito yana gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba. Har ya isa gida yana maimaitawa, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Sulaiman ya yi haƙuri iya gwargwado. Ya zo ofis ya ce to a bar wancan sunan, a sa kowane iri, ko sunan Hansai 'yar Datti, ai katako bai san suna ba. Datti ya koma wurin Alhaji da wannan. Alhaji ya ce ba sunan ne matsala ba, hannun ne, a ƙara haƙuri ƙura ta lafa. Da ranar rufe neman kwangila ta matso, Sulaiman ya haɗa kai da wani kafinta ɗan Tudun Wada, suka aika da sunansu, ya fito ba gardama. Ya zo da kansa ya gaya wa Datti, yana sunkuyar da kai, ya kuma nemi ya sayar masa da katakon da ya tara kafin gara ta shiga. Datti ya sayar masa. Shi ya tsaya aka yi lodi, da babbar rigarsa, yana nuna musu waɗanda suka fi bushewa.

Duk da haka Alhaji bai tsira ba. Ba a kama shi da laifin kamfani ba, amma an yi masa ritaya tare da wasu. Datti ya yi masa jaje da zuciya ɗaya, kuma can ƙasan ransa ya ji sauƙi: yanzu Alhaji ba ma'aikaci ba ne, zai iya karɓar abinsa da sunansa. Ya bari aka yi wata guda sannan ya tayar da zancen. Alhaji ya girgiza kai. Ya ce idan aka mayar da kamfanin sunansa yanzu, ai an nuna wa duniya abin da aka ɓoye, kuma wanda ya tsaya gaban kwamiti ya yi magana shi za a fara kamawa. Ya faɗi haka ne cikin tausayi, yana dafa kafaɗarsa. Datti ya duba, ya ga gaskiya ne.

Rumfar bayan tasha wani mai faci ya karɓe ta. A Unguwar Dosa kuwa darajar Datti ƙaruwa ta yi. Dangin Turai suna zuwa taya murna, matasa suna tsugunawa su gaishe shi suna neman aiki. Wata Juma'a bayan masallaci dattawan unguwa suka biyo shi gida, limamin yana gaba. Suka ce ginin makarantar Islamiyya ya tsaya, sun ga Allah ya ɗaukaka ɗansu, suna roƙon buhunan siminti kaɗan. Datti ya ce in Allah ya yarda zai duba. Limamin ya yi murmushi ya ce mai abu ai ba ya dubawa. Aka yi dariya, aka shafa fatiha, suka tafi suna sa masa albarka.

Da yamma ya hau mota zuwa gidan Alhaji. Aka ce ya sha magani ya kwanta, likita ya hana a tashe shi. Aka kawo wa Datti kujera a baranda. Ya gode, ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ita, yana jira.