Tayoyin Motar Malam Haliru

Wata goma sha ɗaya ke nan Malam Haliru bai wuce bakin layinsu ba, in ba ranar zuwa asibiti ba. Tun da ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu aka yanke ta daga ƙasan gwiwa, zirga-zirgarsa ta tsaya a ɗaki da zaure da rumfar kwanon da ke gefen gida, inda motarsa take. Mutumin da ya yi shekara talatin yana malamin gona, babu ƙauyen da bai shiga ba tsakanin Rano da Kibiya, yau ko masallacin ƙofar gida sai liman ya ɗan jinkirta kafin ya dogaro sandunansa ya iso sahu.

Motar 'yar ƙarama ce, ruwan madara, ta girmi yawancin 'ya'yansa. Wurin wani malamin kwaleji ya saye ta a Kano, lokacin da direbobin tasha ke yi wa mota otomatik dariya suna cewa ta mata ce. Shi bai taɓa damuwa ba. Yanzu ma abin da ake yi mata gori a kai shi ne gatansa: ba ta da kuloci, totur ne da birki kawai, ƙafar dama ta ishe ta. Injinta lafiya lau, duk safiya yana shiga ya tashe ta ya saurari ƙararta na 'yan mintuna. Tayoyin ne suka mutu. Zaman da ta yi yana kwance a asibiti ya sa duk suka tsattsage, aka ɗora ta a kan bulo huɗu, aka jingine su a bango.

Ɗansa na biyu, Adnan, malami ne a wata sakandare a nan Rano. Shi ke zuwa kullum da safe ya gwada masa suga kafin ya wuce aiki. Shi kuma aka ɗora wa neman taya.

"Baba, inci goma sha biyu ce tayar motar nan, an daina kawo irinta," in ji Adnan. "Na tambaya har Kano."

Haka ya faɗa da rani, haka ya maimaita da ruwa ya sauka. Malam Haliru yana da gona a bayan Kibiya, gadon mahaifinsa, bana an shuka dawa da gyaɗa ba ya nan, an yi noman fari ba ya nan. Labari kawai ake kawo masa, kowa kuma ya ce amfani ya yi kyau. In ya yi ƙorafi sai matarsa, Hajiya Huseina, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaron nan yana ƙoƙari."

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Shitu mai faci ya shigo gaishe shi. Kusan sa'annin juna ne, kuma shekara ashirin da wani abu Shitu na yi wa motar nan faci a rumfarsa ta bakin tasha. Suka zauna a zaure. Bayan gaisuwa Malam Haliru ya ce, "Shitu, da gaske duk ƙasar nan babu tayar da za ta shiga motata?"

Shitu ya cire hula ya duba cikinta ya mayar.

"Sha biyu ta yi wuya, wannan gaskiya ne."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Can Shitu ya ce, "Ana canja rim, Malam, ƙarfen da taya ke zama a kai. A sa mata sha uku, tayarta tana nan birjik. Adnan ya zo wurina tun bara, ya roƙe ni in ka tambaya in ce babu. Na ce masa ni ba zan kawo maganar ba, amma in ka tsare ni ba zan yi maka ƙarya ba."

Malam Haliru bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙofar zauren da hasken da ke shigowa ta cikinta. Ashe wata da watanni yana jiran abin da babu mai nema.

"Ka kawo mini in gani," ya ce. "Da hantsi, lokacin yana makaranta."

Ranar Talata Shitu ya iso a A Daidaita Sahu da rim iri uku, ya jera su a ƙasan rumfa. Malam Haliru ya zauna a kan benci, ya jingine sandunansa. Rabon da a kawo masa abu a ce ya zaɓa har ya manta.

Na farko na ƙarfe ne baƙi, irin na motocin haya. Na biyu na alminiyam ne, wanda masu taya ke kira aloyi, inci goma sha huɗu, faffaɗa, sai ƙyalli yake. Na uku shi ma aloyi ne, amma sha uku, siriri, fentinsa ya ɗan dushe.

"Na ƙarfen nan in ka faɗa rami ya lanƙwashe, guduma zan sa in miƙe shi," in ji Shitu. "Aloyi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, in ya tsage kuma sai dai a jefar. Amma ɗaga ka ji."

Malam Haliru ya ɗaga na ƙarfen, ya ɗaga na ukun. Bambancin nauyin a fili yake. Sitiyarin motarsa da ƙarfin dantse ake juya shi, dantsen kuwa ba kamar da ba.

"Wannan mai ƙyallin fa?"

"Na samari ne. Ya yi mata faɗi, in ka karya kwana taya za ta riƙa gogar madigadi. Kuma sai an sa masa taya mai ɗan gajeren gefe, duk tsakuwar da ka taka sai ka ji ta a ƙugunka. Na kawo ne don kar ka ce na ɓoye maka."

Shitu ya durƙusa ya gwada na ukun a ƙafar gaba. Ramukan huɗu suka hau kan kusoshin daidai, ya juya shi da hannu, bai taɓa komai ba. Malam Haliru ya sa ya buga shi da sifana. Ƙarar ta fito tas, babu alamar tsaga.

"Shi za a sa," ya ce. "Taya kuma sabuwa nake so, ban da 'yar Beljiyam. Siririya, mai zurfin zane, saboda taɓon hanyar gona."

"Ko sabuwa ce sai an duba shekarar da aka yi ta, wata ta tsufa a shago." Shitu ya mirgino wadda ya zo da ita don gwaji, ya ɗora yatsa a gefenta. "Ga lambar nan, karanta ka gani."

Malam Haliru ya sunkuya. Baƙi kawai yake gani a kan baƙi. Ya karkata kai, ya matso, ya shafa wurin da yatsa har ya ji tudun lambobin.

"Inuwa ta yi yawa a nan," ya ce. "Na yarda da kai."

Ranar Laraba da yamma aka sauke motar daga kan bulo. Da Adnan ya zo da safe ya gan ta tsaye a kan ƙafafunta, sai ya tsaya riƙe da na'urar gwajin suga, ya kasa shiga zaure. Uban yana zaune a benci yana jiransa.

"An daina kawo irinta, ko?"

Adnan ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ba ƙafar ba ce. Likita ne ya kira ni gefe ya ce sugan ya fara taɓa idonka, kar a bar ka ka yi tuƙi. Na rasa yadda zan gaya maka, ga abin da ka riga ka gani."

"Ina ganinka sarai. Shuɗiyar riga ce a jikinka."

"Ka bari ranar Asabar in kai ka gonar da kaina."

"Wata goma sha ɗaya ana kai ni ana dawo da ni kamar buhun masara. Ba kai ni nake so a yi ba."

Adnan ya gwada sugan, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya tafi. Makullin yana aljihun Malam Haliru, kuma babu wanda zai iya cewa ya kawo.

Washegari an yi ruwa da asuba. Wajen ƙarfe tara ya shiga mota. Hajiya Huseina ta biyo shi har rumfa, ta karɓi sandunan ta sa a kujerar baya, ta tsaya riƙe da ƙofar.

"Malam, ko in sa mayafi in raka ka?"

"Rufe ƙofar, Hajiya."

Ta rufe. Ya ja giya, motar ta silalo kan layi.

Cikin gari bai ba shi wahala ba, don a hankali yake tafe kuma ya san kowane lungu. Sitiyarin ya yi laushi a hannunsa. Wani mai shayi ya ɗaga masa hannu, ya danna masa oda. Da ya hau titin Kibiya ya sauke gilashi, iskar damina ta shigo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ji kamar an kwance masa wani ƙulli a wuya. Ya ƙara taka totur kaɗan.

Sai rana ta keto daga cikin gajimare ta sauka a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Titin gaba ɗaya ya koma fari fat. Ya ƙanƙance ido. Gefen hanya da tsakiyarta suka haɗe, wani ɗigo baƙi da ya daɗe yana yi masa yawo a idon dama ya zauna daidai inda yake son gani. Can gaba akwai wani duhu kwance a kan titin, ya ɗauka inuwar bishiya ce. Sai da ya zo dab ya ga inuwar tana da ƙahoni.

Ya taka birki da dukan ƙarfinsa, ya murɗa sitiyari dama. Tayoyin suka kama kwalta suka yi ƙara, motar ta sauka gefe, ƙafafun dama suka nutse a taɓon kwalbati, ta tsaya a karkace. Wata baƙar saniya tana tsaye kusa da fitilarsa, ko kamu uku babu tsakaninsu.

Ya kashe injin. Ya tura ƙofa, amma gefensa ne ya ɗaga sama, nauyinta ya dawo da ita. Ya miƙa hannu baya, sandunan sun zame sun shige ƙarƙashin kujera ta can gefen. Ya zauna kawai, zufa na gangaro masa.

Mai shanun ya ƙaraso, wani dattijon Bafulatani mai malafa, ya leƙo ta taga.

"Sannu, Malam. Ba ka ji ciwo ba? Tun daga can nake ɗaga maka sanda."

"Ban gan ka ba," in ji Malam Haliru. Ya sake cewa, "Wallahi ban gan ka ba."

Ya ciro waya, sunayen da ke ciki suka zame masa zane-zane. Da a gida ne Hajiya zai miƙa wa, ya ce hannunsa da maiƙo, kamar yadda ya saba. Ya miƙa wa dattijon, shi kuma ya ce ba ya karatun boko, sai da suka tsayar da wani mai babur ya nemo sunan Adnan.

Kusan awa guda ya yi a cikin motar. Mutane suka taru, wasu suka gane shi, aka yi ta yi masa sannu ta taga. Aka ce a ciro shi, ya ce a bar shi. Ba ya son a ɗauke shi a hannu a gaban manoman da ya koya wa zuba taki. Daga ƙarshe majiya ƙarfi shida suka cicciɓi motar da shi a ciki suka mayar da ita kan titi.

Adnan ya iso a bayan acaɓa, da alli a hannun rigarsa. Ya dubi ubansa daga sama har ƙasa, ya yi wa mutane godiya, ya zagaya ya tsuguna ya goge taɓon da ke jikin rim ɗin gaba.

"Ya ɗan ƙuje, amma bai tsage ba," ya ce.

Malam Haliru ya dafa sitiyari, ya ja jikinsa a hankali ya tsallake giya ya koma ɗaya kujerar. Adnan ya shiga ya gyara madubi.

"Gida, Baba?"

"Gona."

Motar ta bi burtali har inda taɓo ya hana ta wucewa. Daga nan ana hango gonar. Malam Haliru ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafarsa ƙasa, amma bai fita ba, don sanda ba ta tafiya a irin wannan laka. Kore yake gani shimfiɗe har bakin dutse, bai iya raba dawa da gyaɗa ba. Ya ce Adnan ya je tsakiyar gonar ya karyo masa kara ɗaya. Da ya kawo, ya bi shi da yatsu, ya tsaga shi da farce, ya ji rami a ciki da ɗan gari-gari.

"Tsutsa ta shiga. Kowa yana ce mini ta yi kyau. Ka gaya musu a yi feshi cikin satin nan, da yamma, ba da rana tsaka ba."

"To, Baba."

A hanyar dawowa ya ce a nema masa ranar ganin likitan ido a Kano. Aka samu, bayan wata biyu. Likitan ya ce za a iya tsayar da abin inda yake, amma wanda ya tafi ba zai dawo ba.

Tun daga nan Adnan ke kai shi gona ranar Asabar, in babu taron makaranta ko ɗaurin aure, kuma sau da yawa akwai. Da aka yanke dawar bana ma ba ya nan, ranar Laraba aka yi. Hajiya Huseina ce ta shigo zaure ta gaya masa an kawo, ya ce a ɗebo masa zangarniya biyu ya ji nauyinsu.