Dutsen Gidanmu da Bencin Eilif

Jikana Eilif ya bar atisaye ranar buɗe farauta ya taho gida, kocinsa kuma ya ajiye shi a benci.

Shekarunsa goma sha tara a lokacin. Wata babbar ƙungiyar hoki, wasan sanda a kan ƙanƙara, da ke kusa da Oslo ta ɗauke shi, ta ba shi riga mai sunan gidanmu a baya. A tafkin bayan gidana ya koyi tsayuwa a kan ƙanƙara. Ni nake kwashe masa dusar ƙanƙara da shebur, ni na fara saya masa sanda da takalmi mai ƙarfe a ƙasa. Ban iya wasan ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba. Na dai san yaron yana da gudu, kuma idan ɗan baƙin faifan da ake bugawa a wasan ya shiga sandarsa, sai an sha wuya kafin a ƙwace.

A kwarinmu gida goma sha biyu ke farautar elg tare, wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙaho dangin barewa, kowane gida da wurin tsayuwarsa. Namu wani dutse ne a bakin fadama, inda dabbar ke ratsawa idan karnuka sun taso ta. Kakana ya zauna a kansa, ubana ya zauna, ni ma na zauna. Ƙa'idarmu ɗaya ce: gidan da bai kawo mai bindiga ba safiyar buɗewa, wurinsa ya fita daga hannunsa. Hukuma kuma ba ta barin kowa ya fita sai ya ci jarrabawar harbi ta shekara. A waccan shekarar idona na dama ya yi hazo. Ni da Eilif muka je tare. Shi ya ci. Ni kuwa mai duba allon da ake harbi, wanda na san ranar da aka haife shi, ya ce, "Sai dai haƙuri, Torleif."

Ɗana, uban Eilif, ya rasu tuntuni. Ragnhild, uwar yaron, ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Sai na kira shi a waya.

"Ranar Litinin za ka hau dutsen."

"Kaka, muna da atisaye ranar Litinin."

"Wasa ko atisaye?"

"Atisaye."

"To ba wasa ba ne. Gaya wa mutumin naka, zai gane."

A nan ba a neman izinin zuwa farauta. Faɗa kawai ake yi. Injin yankan katako yakan tsaya, mai gareji yakan rufe, ba wanda ke tambayar dalili. Haka Eilif ya tashi ya gani, haka ya yi. Ya tari kocin, wani ɗan birni mai suna Vidar, a bakin ƙofa ya ce masa ba ya nan ranar Litinin, zai je harbin elg. Vidar ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Ya ɗauka wasa ne.

Yaron ya zo, ya hau dutsen. Kafin hantsi ya kayar da bijimin elg mai ƙaho kamar shebur biyu, da harsashi ɗaya. Oddvar, shugaban ƙungiyar farautarmu, ya miƙa masa kofin gahawarsa da hannunsa. Muka feɗe, muka raba. Ranar Laraba ya koma kudu, ya tarar an ba wani wurinsa.

Ragnhild ta haɗa mini wasannin a talabijin. Sai in zauna da tabarau ina neman lambarsa. Ga shi can a ƙarshen benci, cikin kayan wasa tsaf, hular kwano a ka, yana buɗe wa masu shiga da fita ƙaramar ƙofa. Wani lokaci a tura shi ciki, kafin in gyara zama an fito da shi. Haka Oktoba ya wuce.

A shagon gari Oddvar ya same ni ina sayen burodi.

"Na ga jikanka jiya, Torleif. Duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi iya buɗe ƙofa."

"Kai ma na ga harbinka bana. Bishiyar ta mutu kuwa?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da abin ya ishe ni, na ciro cinyar bijimin guda daga firji, na naɗe, na shiga mota. Na sami Vidar da safe a bakin filin wasan, usur a wuya, yana tauna cingam. Sanyin wurin na inji ne, ba ya ƙamshin komai. Na ajiye naman a kan benci.

"Ni ne kakan Eilif. Wannan shi ya harbe."

"Na gode. Matata ba ta cin nama, ni kuma ban iya dafawa ba."

"Yaron ya fi rabin waɗancan gudu."

"Ya fi dukkansu," in ji shi. "Shi ya sa na ɗauko shi."

"To me yake yi a zaune?"

Ya nuna cikin filin da haɓarsa. "Wancan matarsa ta haihu, washegari ya zo. Na kusa da raga haƙoransa biyu suka zube ranar Asabar, Lahadi ya zo. Naka ya tafi yawon daji. Me zan gaya musu?"

"Ba yawo ba ne."

"To mene ne?"

Na dube shi. Mutumin da bai taɓa jin kukan kare a fadama da asuba ba, ta ina zan fara da shi? Na ɗauki namana na fita.

Eilif ya biyo ni wurin ajiye motoci, da gumi a goshi, ko takalmin bai cire ba.

"Kaka, me ka zo yi?"

"Magana."

"Yanzu za su ce na aiko kakana ya roƙa mini."

"Ban roƙi kowa ba."

Wasu abokan wasansa biyu suka leƙo ta ƙofa. Ɗaya ya ce, "Maharbi, a rage mana ko da ƙashi ne." Sunan da suka laƙaba masa ke nan. Eilif bai juya ba. Ya karɓi naman daga hannuna, ya ce in tuƙa a hankali, hanya da santsi.

Kafin ƙarshen Nuwamba aka ba da shi aro ga wata ƙaramar ƙungiya a arewa, a rukunin ƙasa. Wasanninsu ba sa zuwa talabijin. Abin da suke biya ba ya riƙe mutum, don haka da safe yana canza wa motoci tayoyin lokacin sanyi a wani gareji, da yamma ya shiga fili. Ranar wasan waje su wuni a bas. Ragnhild ke ba ni labari, domin ni ya rage kirana.

"Ya ci biyu jiya, Torleif."

"A ina?"

"A can arewa."

"Wa ya gani?"

"Ai kai ma ka iya kiransa ka ce masa ya yi ƙoƙari."

"Ya san ya yi."

Da Kirsimeti ya zo, ya rame, leɓensa a fashe, faratansa baƙi da man gareji. Na soya masa naman bijiminsa da dankali. Ya cinye, ya ƙara. Na tambaye shi ko Vidar ya neme shi. Ya ce a'a. Na ce mutumin sakarai ne. Ya ce, "Sakaran ne ke rubuta sunayen masu wasa, Kaka."

A watan Fabrairu 'yan wasan babbar ƙungiyar biyu suka ji rauni, aka maido shi. Na sake zama gaban talabijin. A wasa na uku ya ƙwace faifan a tsakiyar fili, ya wuce mutum biyu kamar an dasa su, ya jefa a raga. Na ji mai sharhi yana kiran sunan gidanmu, yana ma kiransa ba daidai ba. Da gasar ta ƙare suka ƙara masa shekara ɗaya. Ɗaya kawai, su ga halinsa.

Ni kuma na koma jarrabawar harbi a watan Agusta. Allon nan ina ganin sun ƙara matsar da shi. Mai dubawa ya sake cewa sai haƙuri. A ranar na ga surukin Oddvar, likitan haƙori daga garin Hamar, da sabuwar bindiga da sabuwar jar hula. Shekaru yana jiran wani gida ya faɗi, ya karɓi wurinsa. Ya gaishe ni da fara'a fiye da kima, har yana tambayata wai iska daga wane gefe take bugun dutsen.

Ƙarshen makon nan Eilif ya zo taya ni jera itacen hunturu. Ya ƙara faɗin ƙirji. Muka yi aiki har rana ta yi tsaka. Da muka shiga, Ragnhild ta zuba gahawa, ta yanka burodi da jan cuku. Na ɗauko bindigar ubansa daga akwatin ƙarfe na ajiye a kan tebur, da kwalin harsashi.

"Filin harbi a buɗe yake gobe. Ka je ka yi jarrabawar."

Ya dubi bindigar, ya ci gaba da tauna.

"Ranar buɗewa muna da wasa, Kaka."

"Da yamma ne. Na duba."

"Akwai atisayen safe."

"Atisaye kuma."

"Vidar ya sa ni a sahun farko. Ka san abin da hakan ke nufi?"

"Na san abin da dutsen ke nufi. Ba na ce ka kwana ba. Ka hau, gari ya waye, Oddvar ya gan ka da bindiga, ka shiga mota. Ko harbi kada ka yi."

"Haka ka ce bara. Kwana ɗaya. Na yi hunturu guda ina cire tayoyi."

"Ba ni na kai ka gareji ba. Wancan mai cingam ne."

Ragnhild ta ce, "Ku sha gahawarku, tana hucewa."

Ba wanda ya taɓa kofi. Na ce masa ubansa a kan dutsen nan ya harbi na farkonsa, bai ma kai shekarun Eilif ba. Na ce idan likitan haƙorin nan ya hau, ba zai sauka ba, 'ya'yansa za su gada, kuma mu sai dai mu riƙa sayen nama a leda kamar mutanen Oslo. Eilif ya saurara har na gama. Kallon da yake yi mini irin na ubansa ne, idan ya riga ya yanke magana.

"In na rasa wurin nan karo na biyu, ba arewa za su tura ni ba. Gida za su turo ni."

"Gida ba kurkuku ba ne."

"Na sani."

"To gobe ƙarfe nawa za mu fita?"

Ya sa yatsu biyu ya turo kwalin harsashin a hankali har ya taɓa kofina.

"Ba zan hau dutsen ba, Kaka."