Bariyar Ruwa a Shekarar Fari

Rapor ɗin ofis, wato rahoton, bai wuce layi uku ba: ran tara ga Yuli, 1974, wata kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da jar dawar taimako ta bar hanyar da aka rufe tsakanin Damagaram da Guna, ta bi ta kwari, kayan suka salwanta. Aka buga hatimi, magana ta ƙare.

Shofer ɗin motar, Idirisu, ba baƙo ba ne a yankin. Ƙauyen da aka rubuta wa dawar, nan ne mahaifarsa, inda ƙanwarsa Barira ta kwana ashirin tana dafa wa 'ya'yanta ganyen jiga. Da hantsi ya tarar da sandar ƙarfe gicciye a hanya, Baba Modu, tsohon sojan da ke tsaronta, yana zaune a gindin aduwa.

"Baba, ɗaga mana."

"Bariyar ruwa ce, ɗana. An aiko an yi ruwa a arewa. Babbar mota ba ta taka burji sai ya tsane. Awa shida."

Idirisu ya dubi sama, ba gajimare ko na magani.

"Wane ruwa? Shekara nawa rabonka da jin tsawa? Ko a takarda aka yi shi?"

"A takarda ya zo mini, a takarda nake tsare shi. Zauna ka sha shayi."

"Mutane na mutuwa, kai kana gadin jar ƙasa!"

"Ka ratsa ta yanzu, ta dame, wata guda ba motar da za ta kai musu ko tiya ɗaya. Kuma kada ka bi ta kwari."

Ta kwari ya bi. Tun farkon farin shoferori suka mai da busasshen rafin nan hanya, har an manta abin da ya haƙa shi. Bayan kilomita huɗu yashi ya riƙe tayoyi. Yana durƙushe yana tono ya ji ruri, ya zaci wata kamiyo ce tafe, har ya ji daɗi za a ja shi. Ruwa ne, ja wur, ɗauke da itace da mushen shanu, rana kuwa tana ƙwalla abinta.

Ya kama reshen gawo. Daga nan ya kalli buhunan suna wucewa kudu ɗaya bayan ɗaya, suka nufi wajen ƙauyensu kamar sun san hanya.

Da la'asar Baba Modu ya ɗaga sanda, daidai kan lokaci. Ba motar da ta rage ta wuce.

Abin da ya tafi: kamiyo ɗaya, dawa buhu ɗari da sittin, lasisin shofer ɗaya. Kaya na biyu sun isa ƙauyen bayan kwana goma sha ɗaya. A tsakani an binne mutum bakwai, biyu daga ɗakin Barira. Hanya kuwa ba abin da ya same ta.