Gwaggo Tela da Kujerar Likita

Mako uku Gwaggo Tela tana zarya tsakanin hawa na ɗaya da na uku a asibiti, da ambulan biyu a hammata. Jini ne ya dawo mata bayan shekara tara da ɗaukewar al'ada. Likitan hoto, a ƙasa, ya ce tsiron da ke mahaifarta ba mai cutarwa ba ne. Likitar da ta duba ɗan naman da aka tsinko, a sama, ta ce kansa ce, wato ciwon daji. Su biyun kuwa ba sa ga-maciji tun wata rigima a kan kujera mai taya, sai Gwaggo ta zama 'yar aike, ga ciwon gwiwa.

Ran Talata tura ta kai bango. Ta shiga ɗakin hoto, ta turo kujerar rigimar ta yi cikin lif da ita zuwa hawa na uku. Likitan ya biyo ta yana haki har ɗakin abokiyar gabarsa.

"Tunda ka zo, leƙa," in ji likitar, ta nuna masa madubinta na ƙara girman ƙwayoyi.

Ya leƙa da kumburarren baki, sai bakin ya saki. "Kai! Ƙwayoyin nan garau kamar ruwa! Wannan ai a littafi kawai na san ta."

Ita ma ta ɗaga hoton da ya ɗauka. "Gefen tsiron sumul. Dole ya yaudare ka."

Shi ke nan, gaba ta mutu. Aka kira ɗalibai, aka cika ɗaki, har an fara musun sunan wa zai zo farko in an rubuta rahoto. Gwaggo kuwa an matse ta a bayan ƙofa, a tsorace, ba wanda ya ko waiwayo.

Ta yi gyaran murya.

"'Ya'yana, mai mahaifar tana nan fa. Akwai yadin mutane a shagona. In ci gaba da yankawa, ko in mayar musu da kayansu?"

Kunya ta kama likitar, ta matso ta riƙe hannunta.

"Ki yafe mana, Gwaggo. Kansa ce, amma hotonsa ya nuna ba ta ratsa bangon mahaifa ba. Za a cire, a ci gaba da lura da ke. Ki yanka yadinki."

Gwaggo ta zube a kan kujerar rigima. Babu wanda ya ce ta tashi.