Lalle a Babban Yatsa

Ni Ɗantsoho Wanzami na Rijiyar Auta, arewa da Babban Mutum, ba a taɓa kirana maci amana ba sai shekarar da aka fara kawo na'urar duba yatsa a zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya kira ni haka kuwa, ni na yi masa askin suna, ni na cire masa beli, ni na yi masa kaciya. Munzali, jikan abokina Mainasara, Allah ya jiƙansa.

Ku san ko wane ne aka zaga. Agana ta shiga gidanmu ina yaro, ta ɗauki yara shida, ni ta bar ni da zane a fuska kawai. Na ga yunwar da mutane suka tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar gero. Motar shanu ta kife da mu a hanyar Mai'adua, na fito da ƙafata, har na kama aka jawo direba. Kububuwa ta sare ni a gona, washegari ita aka tsinta a mace, ni ina aski a kasuwa.

Ba wanda ya kira ni kamfen ɗin nan, ni na kai kaina. Saura kwana goma zaɓe na je ofishin jam'iyyarmu, wato shagon tela da aka liƙe da hotunan ɗan takara har ƙofa ba ta rufuwa. Munzali ne shugaba a wurin, don ya yi difloma a Daura. Na tarar suna ƙorafi a kan mata. Matan garinmu sun fi maza katin zaɓe, amma tun da aka kawo shari'a ba saurayin da zai tsallake zauren wani da sunan siyasa. Sai dai su tsaya a titi da lasifika suna ta ihu.

Na ce, "Mace tana daka, yaro yana kuka a bayanta, wa zai ji ku? Ku ba ni takardar gwajin nan mai alamun jam'iyyu. Babu gidan da ba na shiga a garin nan."

Gaskiya ce kuwa. Shekara sittin ina shiga gidaje da zabirata, jakar asake ke nan, in yi sallama a ce in shigo. Rabin matan ma ni na aske su suna jarirai.

Munzali ya yi dariya ya ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, za ka iya yawon?" Ya miƙo mini takardar, ya haɗa da littafi da biro, wai in riƙa rubuta sunan duk wadda ta yi alkawari. Na mayar masa da littafinsa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ban taɓa manta gidan da na yi wa aiki ba. Na ce zan yi tawa rajistar.

Na je wurin Hasana, 'yar kawuna, taubashiyata, wadda ke yi wa matan gari ƙunshi. Na ce ta kwaɓa lalle a ƙwarya ta biyo ni.

Ta ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya ganewa a takarda, kai ne malamin zaɓe? Lallai ɗan takarar nan ya shiga uku."

Na ce, "Ke dai kwaɓa, bakinki ya fi hannunki aiki."

Ga yadda muka yi. In na shiga gida sai in tara matan a tsakar gida, in nuna musu alamarmu a takarda, in nuna inda za a dangwala, in nuna yadda ake naɗe takardar don kada tawada ta taɓa gidan wata jam'iyya ƙuri'a ta lalace. Kowace ta gwada sau uku a gabana. In ta iya, ta kuma ce tana tare da mu, sai Hasana ta ɗaura mata lalle a babban yatsan dama, shi kaɗai. Da haka ita ba za ta manta yatsan da za ta dangwala da shi ba, ni kuma in na ga jan yatsa a bakin rijiya na san wannan an gama da ita. Cikin kwana shida, a zafin bazarar nan, mata ɗari biyu da 'yan kai suka yi jan yatsa. Har waɗanda ban kai gidansu ba suka fara aiko wa Hasana. Ku nuna mini mai biron da ya taɓa yin haka.

Ranar Laraba Munzali ya tafi taro Daura. Ya dawo daidai an sallame la'asar, mutane suna neman takalmansu a ƙofar masallaci. Ko babur bai gama kafewa ba ya nufo ni.

"Baba Ɗantsoho, wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ni me?"

"Wa ya sa ka shafa wa mata lalle? Yau aka gaya mana a taro, yatsan da ke da lalle na'ura ba ta karanta shi. Saura kwana uku, ka kashe mana ƙuri'a ɗari biyu." Ya juya ya dubi jama'a. "Ni ban yarda kuskure ne ba. Ko dai 'yan wancan ɓangaren sun saye ka ne? Don wannan aikin maci amana ne."

Liman yana tsaye. Mai unguwa yana tsaye. Ba wanda ya ce masa kul.

Na ce, "Munzali, ranar da na yi maka kaciya mutum uku suka riƙe ka, kuma sai da ka jiƙa wa kakanka riga. Yau ni kake tambaya wa ya saye ni?"

An yi dariya, amma dariyar ba ta goge kalmar ba. Na ga yadda mutane suka watse ba su dube ni ba.

Ranar Alhamis samarinsa suka zaga da lasifika suna cewa duk mai jan yatsa ta goge, ta sa lemon tsami, ta sa toka, ta dirza da dutsen goge kaushi. Kafin azahar maganar ta ƙara ƙiba, wai 'yan sanda za su kama duk macen da ta zo da lalle. Magidanta suka ce matansu ba za su fita a wulaƙanta su ba. Na ɗauki zabira na nufi gidan Kalilu mai awo, wanda 'ya'yansa biyar duk hannuna ne, don in kwantar wa matan gidan da hankali. Ya tare ni a zaure.

Ya ce, "Baba, a ɗan dakata tukuna. Ba sa nan."

Ina jin ƙarar taɓarya daga ciki. Gida huɗu aka yi mini haka a yini ɗaya. Abin da agana da yunwa ba su yi mini ba, yaron nan ya yi mini da baki cikin kwana guda.

Ba zan ce na ji tsoro ba, don ban san shi ba. Amma na kasa cin tuwo. Ban taɓa ganin na'urar nan ba, ban san abin da take gani ba. Abin da na sani shi ne fata, don a kanta na tsufa. Da safiyar Juma'a na kira matata Shatu cikin rana na ce ta miƙo yatsan da aka ɗaura wa lalle. Na duba da kyau. Ja ne wur, amma zanen yatsan yana nan layi-layi kamar kunyar gona. Lalle rini ne, ba yaɓe ba ne. Na shafa mata baƙin gindin tukunya, na danna yatsan a kan farin murfin kwano. Zanen ya fito tas.

Bayan an sauko Juma'a na kai murfin gaban mai unguwa, na sa aka kira Munzali. Ya duba ya taɓe baki.

"Baba, na'urar Turawa ba gindin tukunya ba ce."

Na ce, "To mai unguwa, ka zama shaida. Gobe matata ce za ta fara shiga layi. In na'ura ta ƙi lalle, na rataye zabirata, ba zan ƙara taka zauren kowa ba har in mutu. In kuwa ta karɓa, yaron nan zai tsaya inda ya zage ni ya janye."

Mai unguwa ya ce, "Ɗantsoho, wannan magana ta yi nauyi."

Na ce, "Wadda aka faɗa mini ta fi ta."

Asabar da hantsi muka isa firamare inda aka ajiye akwati. Layin maza ya kai har gindin darbejiya. Layin mata kuwa, mutum biyu: Shatu da Hasana. Sauran suna gida, amma ina ganin kawuna ta saman danga, kowace tana jiran ta ji yadda za a yi. Malamar zaɓen 'yar bautar ƙasa ce, baƙuwa, Hausarta ba ta da yawa. Munzali yana zaune gefe a matsayin wakilin jam'iyya, ya rataya kati a wuya.

Shatu ta miƙa katinta, sannan ta fito da hannu daga cikin mayafi a hankali. Malamar ta ɗora yatsan a kan na'ura. Na'urar ta yi wata magana da Turanci, malamar ta girgiza kai. Ta goge gilashin ta sake ɗorawa. Ta sake girgiza kai. Sau uku.

Munzali ya miƙe. "Jama'a kun gani."

Na matsa na kama hannun Shatu. Yatsan ya yi sumul kamar bayan cokali, gefensa har ya ɗaye. Na dube ta, ta sunkuyar da kai.

"Malam, jiya da ka tafi wurin mai unguwa maƙwabta suka shigo. Suka ce in ban goge ba zan ja maka asarar sana'a. Har dare ina dirzawa da dutse."

Shekara arba'in da bakwai muna tare, ta ga murfin kwanon nan da idonta, amma ta ɗauki maganar lasifika ta bar tawa. Wannan har yau ban gama hucewa ba.

Na ɗaga hannun na ce, "Wannan ba lalle ba ne ya hana, dutsenku ne ya cinye zanen."

Munzali ya ce, "Ja ne ko ba ja ba ne? Alkawari dai alkawari ne, Baba."

Malamar ba ta san abin da muke yi ba. Ta kama manunin Shatu ta ɗora, na'ura ta karɓa nan take, ta ce ta wuce. Ashe kowane yatsa ma ana iya sawa, tunda goma aka ɗauka ranar rajista, kuma mai diflomar bai san haka ba ko ya sani ya manta. Amma wannan bai wanke ni ba, don jan yatsan aka ƙi a gaban kowa.

Sai Hasana ta ture ni da kafaɗa. "Matsa, wanzamin banza, kana tare wa mutane hanya."

Ta zaro hannuwanta biyu. Ba babban yatsa kaɗai ba, duka goman ta ƙunsa, har tafin hannu, sun yi ja har sun koma baƙi-baƙi. Ta ce ita ba ta ga dalilin da ragowar lallenta zai bushe a ƙwarya ba, kuma ba jikan Mainasara ne zai sa ta dirje hannunta da dutse ba. Ta dangwara babban yatsa a kan na'urar kamar mai kashe kiyashi.

Na'urar ta yi maganarta. Malamar ta gyaɗa kai ta miƙa mata katinta.

Hasana ta juya wajen gidaje, ta ɗaga hannu sama, ta rangaɗa guɗar da tun bikin 'yarta ban ji ta yi irinta ba. Ɗan sandan da ke wurin ya ce ta yi shiru, ta ce ya zo ya kama ta, ga lallen. Kafin rana ta take tsaka layin mata ya wuce na maza. Duk wadda ta bar lallenta sau ɗaya ake ɗora yatsanta. Waɗanda suka bi shawarar lasifika su ne suka sha wahala, sai an gwada wannan yatsa an gwada wancan. Na tsaya a rana ina kallon kowace, ban zauna ba har aka gama.

Da yamma aka ƙirga, akwatinmu ya yi kyau. Na tarar da Munzali a bayan aji yana waya da manyansa na Daura yana cewa, "Ai mun yi dabara mun fito da mata." Da ya gan ni ya kashe wayar, ya rage murya.

"Baba, a yi haƙuri, a bar maganar nan. Zafin aiki ne."

Na ce, "A bayan aji ka zage ni?"

Washegari da aka sallame la'asar na riga kowa fita, na tsaya a kan takalman mutane don kada a watse. Mai unguwa ya kira shi. Ya zo yana susar ƙeya, ya dubi ƙasa, ya ce abin da ya faɗa a kan Baba Ɗantsoho ba haka ba ne, ya janye.

Na sa hannu a bayan kunne na ce, "Me ya ce? Tsufa ya taɓa mini ji."

Ya maimaita da ɗan ƙarfi. Na juya ɗaya kunnen na ce wannan ne mai ɗan dama-dama, ya sake. A karo na uku sai da ya ɗaga murya har matan gidan Kalilu suka ji daga cikin gida, liman yana rufe baki da rawani.

Kunnuwana kuwa lafiyarsu ƙalau. Har yau daga ɗakina ina jin faɗuwar guga a rijiyar bayan gari.